Baƙon Kifi A Tabkin Biktoriya

Duk wanda ya taɓa zuwa Argungu ranar babban su ya san giwan ruwa. Shi ne kifin da a kan ga ƙarti biyu ko uku sun kinkimo daga Matan Fada suna nishi, a kai shi gaban Sarki a aza bisa ma'auni. Masuntan Kwara da Binuwai da Tabkin Cadi duk sun san shi tun kaka da kakanni, suna kuwa ji da shi, don namansa fari ne, ga daɗi, ga ƙarancin ƙaya. A ruwayenmu ɗan gida ne. Yana cin karfasa da kawara da sauran ƙananan kifaye, amma ga shi har yau ba a rasa karfasa ba, ba a kuwa rasa kawara ba.

To, akwai wani babban tabki can Afirka ta Gabas wanda da babu giwan ruwa a cikinsa, mutane ne suka ɗauko shi daga wani ruwa suka zuba. Hausawa su kan ce baƙo raɓa ne, ya kwana ya wuce. Wannan baƙo dai bai wuce ba. Cikin shekara talatin ya gaje tabkin, ya arzuta dubban mutane, a zamaninsa kuma aka rasa kifi wajen iri 200 waɗanda babu su ko ina cikin duniya sai nan. Ga yadda al'amarin ya faru.

TABKIN DA MAZAUNANSA

Tabkin Biktoriya ya fi dukkan tabkunan Afirka faɗi. Tsawonsa daga kudu zuwa arewa ya fi mil 200, faɗinsa kuwa wajen mil 150, watau kamar daga Kano zuwa Kaduna. In kana tsakiyarsa cikin jirgi ba ka hangen gaɓa ta ko wace fuska. Amma ba shi da zurfi ainun, inda ya fi zurfi duka wajen ƙafa 270 ne. Ƙasa uku suka raba shi, Tanzaniya daga kudu, Yuganda daga arewa, Kenya kuma tana da ɗan yanki daga arewa maso gabas. Mutanen bakinsa suna da sunayen da su ke kiransa tun da, Baganda su ce Nalubaale, Luwo su ce Nam Lolwe. Sunan Biktoriya wani Bature ne matafiyi, John Speke, ya raɗa masa a shekarar 1858, don girmama Sarauniyar Ingila ta wannan zamani.

Daga wannan tabki ne Kogin Nilu ya ke fita, a wani gari da a ke kira Jinja, ya ratsa Tabkin Kyoga, ya gangara Tabkin Albert, sa'an nan ya nufi Sudan da Masar. Giwan ruwa yana nan tuli a Tabkin Albert tun tuni. Abin da ya hana shi hawowa shi ne, a kan hanya akwai wata matsirga da a ke kira Murchison, inda kogin duka ya ke matsewa cikin tsagar dutse ya faɗo ƙasa fiye da ƙafa 130. Ba kifin da ke iya hawa wannan wuri. Sabo da haka kifayen Tabkin Biktoriya suka zauna su kaɗai kamar mutanen birni mai ganuwa, ba su taɓa gamuwa da maci mai girma da gudu irin giwan ruwa ba.

Mafi yawan mazaunan tabkin waɗansu 'yan ƙananan kifaye ne dangin karfasa, galibinsu ba su wuce tsawon tafin hannu ba. A Tanzaniya ana ce musu furu, a Yuganda nkejje. Mai kallo daga nesa sai ya ce duk abu ɗaya ne, amma masu ilmi da suka zauna suka duba su sun sami iri fiye da 500. Wani abin mamaki kuma, da aka haƙo lakar ƙarƙashin tabkin aka bincika, sai aka ga ya taɓa ƙafewa, bai sake cika ba sai kimanin shekara 15,000 da suka wuce. Masu ilmi sun ce ba su san wani wuri a duniya inda kifi ya rarrabu iri iri da sauri haka ba.

Sai ku ce, ƙaƙa iri 500 za su zauna cikin ruwa ɗaya ba su cinye abincin juna ba? Ai kamar yadda a ke zaman birni ne, ga unguwar maƙera, ga ta marina, ga ta mahauta, kowa da sana'arsa, kowa da mazauninsa. Waɗansu furu a jikin duwatsu su ke zaune, suna kankare gansakuka da haƙoransu. Waɗansu a kan rairayi su ke, suna fasa katantanwa da wani irin haƙori da ke cikin maƙogwaronsu. Waɗansu can ƙasa su ke cikin laka, suna cin ruɓaɓɓen abin da ya kwanta. Waɗansu suna yawo tsakiyar ruwa suna tsintar 'yan mitsi-mitsin halittu, waɗansu suna farautar ƙwari, waɗansu kuwa 'yan'uwansu kifi su ke ci. Har akwai masu cin ɓawon jikin wani kifi, da masu ƙwace ƙwai daga bakin uwa. Don kuwa macen furu a cikin bakinta ta ke riƙe ƙwanta har a ƙyanƙyashe, sabo da haka ba ta yin ƙwai da yawa, sai 'yan gomiya. Mazan kuma ko wane iri da launinsa, wani ja, wani shuɗi, wani ɗorawa, da launin ne macen ke gane nata.

Ban da furu akwai karfasa iri biyu 'yan asalin tabkin, ngege da mbiru, su ne kifin da mutane suka fi so. Akwai kuma ragon ruwa da tarwaɗa da gaiwa, da wani ɗan siririn farin kifi da bai kai yatsa ba, wanda a ke kira dagaa a Tanzaniya, omena a Kenya, mukene a Yuganda.

KIFI YA FARA ƘARANCI

Da can mutanen bakin tabki da gura da mashi da ƙugiya su ke su, sai kuma wani irin taru da su ke saƙawa da ciyawar fadama. Abin da suka kama su ci, saura su shanya su musanya da hatsi. Tabki bai ko san ana ɗibarsa ba. A shekarar 1901 hanyar jirgin ƙasa da Turawan Ingila suka ja daga Mombasa ta iso Kisumu, a bakin tabkin. A 1905 aka shigo da raga ta zaren kittani daga Turai. Nan da nan kasuwa ta buɗe, ana loda ngege cikin jirgi ana kai wa Nairobi. Da fari raga ɗaya ta kan kama ngege fiye da 20 a dare guda. Kowa ya ga riba ya sayi raga, kifi kuwa ya yi ta raguwa.

Da Gwamnati ta ga haka sai ta ɗauko wani masanin kifi daga Ingila, sunansa Michael Graham, ya zaga tabkin cikin 1927 da 1928. Ya ba da shawara kada a yi su da ragar da idonta ya kasa inci 5, don 'ya'yan ngege su riƙa zurarewa har su girma su yi ƙwai. An kafa dokar, amma tabki ya fi ƙarfin masu tsaro. Cikin shekarun 1950 ga ragar zaren roba ta zo, wadda ba ta ruɓewa, ga kuma injin da a ke ɗaura wa kwalekwale. Har ta kai raga ɗaya da ƙyar ta ke kama ngege biyu a dare. Ku riƙe wannan, don ku san baƙin da za su zo ba su tarar da masu gida da ƙarfinsu ba.

GARDAMAR MA'AIKATA

Tun zamanin Graham aka fara zancen a kawo wani babban kifi a zuba, ya riƙa cin furu. A cikin rahoton da ya fitar a 1929 ya yi kashedi, ya ce yin haka yana da hatsari ƙwarai in ba an yi dogon bincike tukuna ba. Maganar ta kwanta, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta sake tashi, ma'aikatan Gwamnati suka rabu biyu a kanta.

Waɗansu daga cikin ma'aikatan kula da namun daji da kifi na Yuganda suka ce furu kifin banza ne, ga ƙanƙanta, ga ƙaya, ba shi da kuɗi a kasuwa, ga shi kuwa ya cika tabki. In an zuba giwan ruwa zai cinye shi ya mai da shi tsoka mai daraja, masu fatsa don nishaɗi kuma su sami babban kifin da za su yi kokawa da shi. Masu binciken kifi da ke Jinja, waɗanda aka kafa ma'aikatarsu a 1947, suka ƙi. Ɗaya daga cikinsu, Geoffrey Fryer, ya rubuta dalilansa aka buga a 1960. Abin da masu binciken suka kafa hujja da shi shi ne, maci sai ya ci ƙananan kifi ninkin ba ninkin nauyinsa kafin ya yi tsoka, sabo da haka ba ya ƙara yawan abinci. Ba wanda zai gaya masa ya ci furu ya bar ngege. In kuwa ya shiga abin ya ɓaci, ba mai iya fid da shi.

Ana cikin gardama ashe an riga an yi aiki. A 1954 da 1955 aka kwaso giwan ruwa daga Tabkin Albert aka zuba a ruwan da ke sama da matsirgar nan da Tabkin Kyoga, wai don a gwada a gani. A 1960 sai ga masunta sun fara kama shi cikin Tabkin Biktoriya kansa. A lokacin an ce wai daga Kyoga ya hawo. Amma wani mai bincike, Robert Pringle, wanda ya bi tsofaffin takardu ya kuma zanta da tsofaffin ma'aikata, ya buga a 2005 cewa tun 1954 aka fara sakinsa cikin tabkin a ɓoye. Da aka ga ya riga ya shiga, masu son abin suka ce gardama ta ƙare. A 1962 aka saki guda 35 a fili a Entebbe, a 1963 aka ƙara fiye da 300, aka kuma kawo waɗansu kaɗan daga Tabkin Rudolf, wanda yanzu a ke kira Turkana, aka saki wajen Kenya. A waɗannan shekaru ne kuwa ƙasashen uku suka karɓi mulkin kansu, Tanganyika a 1961, Yuganda a 1962, Kenya a 1963. Suka gaji tabki da baƙon da ke cikinsa.

BAƘUWAR DA TA ƘWACE GURBI

Kafin mu bi giwan ruwa, sai mu faɗi labarin waɗansu baƙi da ba a cika ambata ba. Cikin shekarun 1950 ɗin nan, don a cike giɓin ngege, an zuba baƙin karfasa har iri huɗu. Wadda ta fi ƙarfi cikinsu ita ce karfasar Nilu, irin wadda mu ke da ita a Kwara da Cadi.

Ita wannan ba mafarauciya ba ce irin giwan ruwa. Abin da ta yi shi ne ta zauna inda ngege ke zama. Ngege mai zaɓen abinci ce, galibi wani irin ɗan tsiro ta ke tacewa daga ruwa, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Karfasar Nilu kuwa ba ta da zaɓe, ta ci gansakuka ko wace iri, ta ci ƙwari, ta ci abin da ke cikin laka. Ta fi saurin girma, ta fi jiki. Namijin karfasa ya kan share ɗan gurbi a ƙasan ruwa maras zurfi, ya tsare shi, nan mace ke zuwa ta yi ƙwai. Wuraren da suka dace da wannan ba su da yawa, mai ƙarfi ne ke samu. 'Ya'yan baƙin kuma suka cika 'yan lungunan bakin gaɓa masu ɗumi inda 'ya'yan mbiru ke kiwo. Har wa yau baƙuwar ta yi ta barbara da 'yan gida, jini ya gauraye. Ga raga ta riga ta rage su, ga an ƙwace musu makiyaya da wurin haihuwa. Kafin shekarun 1980 su ƙare ngege ta ɓace daga babban tabki, mbiru ta zama sai an dace. Wannan cin ƙasa ne ba da yaƙi ba, ba wanda ya ga ranar da aka yi shi.

SHIRU, SA'AN NAN AMBALIYA

Shi kuwa giwan ruwa, wajen shekara ashirin ba a ji ɗuriyarsa sosai ba. Daga 1969 zuwa 1971 an yi wani babban awo da jirgi mai inji mai jan taru a ƙasan ruwa, aka zaga tabkin duka. Aka tarar kashi 80 cikin 100 na nauyin kifin ƙasan tabkin furu ne, giwan ruwa kuwa bai kai kashi 1 ba. Masu kashedi suka zama kamar sun yi ƙarya.

Waɗansu masu ilmi suna ganin yawan furu ne ya danne shi duk wannan lokaci. Ko da ya ke macen giwan ruwa tana zuba ƙwai miliyoyi, ba ta tsaronsa, sai ta bar shi yana yawo cikin ruwa. 'Ya'yan in sun fito ƙanana ne ƙwarai, furu na cinsu, suna kuma cin abinci ɗaya da su. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma cikin shekarun 1970 an tsananta kamun furu, a Kenya da ƙananan raga, a Mwanza ta Tanzaniya kuma da jiragen jan taru, ana niƙa shi ana yin abincin dabbobi. Inda furu ya yi ƙaranci, nan 'ya'yan giwan ruwa suka sami sarari suka rayu.

Wajen 1980 abin ya ɓarke a yankin Kenya, ya bi ta Yuganda, ya isa kudancin tabki kafin 1987. Masunta suka riƙa jawo kifin da ya fi mutum nauyi, don babban giwan ruwa ya kan kai ƙafa 6, nauyinsa ya kusa kilo 200. Ragarsu ta ngege ya yayyaga ta. A daidai wannan lokaci akwai waɗansu masu bincike daga Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, waɗanda suka sauka Mwanza tun 1977 suna ƙidayar furu suna raɗa musu suna. A gaban idonsu kifin ya ƙare. A wuraren da su ke jefa taru ko wane lokaci sun san iri 123, amma bayan 1986 wajen iri 80 ba su sake faɗa wa tarunsu ba. Da yawa sun ɓace tun ba a gama rubuta kamanninsu ba. Ragon ruwa ma, wanda da shi ne babban mafarauci a zurfin tabki, ya ragu ƙwarai, don baƙo ya cinye abincinsa, yana kuma cin 'ya'yansa. Da furu ya ƙare, giwan ruwa ya koma cin wani ɗan ƙaramin jatan lande, da dagaa, har da 'ya'yan cikinsa.

INDA 'YAN GIDA SUKA FAKE

Ba ko ina aka yi ɓarnar daidai ba, a nan kuwa darasin ya ke. Giwan ruwa mafaraucin fili ne, yana son sararin ruwa inda zai hango ya kai bara. Sabo da haka furun tsakiyar tabki da na kan laka, waɗanda ba su da wurin ɓuya, su ne suka ƙare kusan ƙaf. Na jikin duwatsu kuwa, waɗanda mutanen Mwanza ke kira mbipi, da sun ga inuwarsa sai su shige kogo, ba shi da hanyar binsu. Cikin shekarun 1990 masu bincike suka bi tsibiran duwatsu, suka sami iri da yawa da ba a ma san da su ba.

Mafaka ta biyu ita ce fadama. Kifi ma numfashi ya ke yi, da iskar da ke narke cikin ruwa. A cikin duhuwar ciyawar fadama wannan iska kaɗan ce, giwan ruwa kuwa ba ya jure ƙarancinta. Gaiwa da tarwaɗa suna iya ɗago kai su shaƙi iskar sarari, waɗansu furu kuma jikinsu ya saba da irin wannan ruwa. An gwada haka sosai a wani ƙaramin tabki na Yuganda, Nabugabo, inda aka tarar kifayen da suka ɓace daga sarari suna nan cikin fadama. Mafaka ta uku ƙananan tabkuna ne na gefe waɗanda fadama ta katange su. A irinsu ne, kamar Tabkin Kanyaboli na Kenya, ngege ta tsira.

Wannan shi ya bayyana mana abin da ya sa giwan ruwa bai gama da kifinmu ba. Namu sun tashi tare da shi tun asali, sun san shi, sun san maɓuya. Ga kogunanmu ko wace damina su kan fantsama cikin fadamu, ƙananan kifi su shige ciyawa su hayayyafa.

RUWA YA GURƁACE

Kada a ɗora wa baƙo laifin duka, ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da ke zaune kewaye da tabkin sun yi ta ƙaruwa har suka haura miliyan 40. An sare dazuzzuka, an nome gangare, ruwan sama na kwaso ƙasa da toka da ƙazantar birane yana zubawa cikin tabki. Wannan kuwa taki ne ga gansakuka. Ga shi furu masu cin gansakuka da ruɓaɓɓen abu, waɗanda da su ne masu sharar tabki, sun ƙare. Masu ilmi sun auna ruwan a 1960 da 1961, aka sake aunawa a 1990 da 1991, sai aka ga gansakuka ta ninka, ruwa ya yi duhu, can ƙasa kuma iskar numfashi ta kan ƙare wata da watanni. Wani lokaci in iska ta juya ruwan sai a ga matattun kifi sun taso fululu. Duhun ruwan ya jawo wata hasara kuma, don macen furu ba ta iya rarrabe launin mazan sosai, iri dabam dabam suka riƙa gaurayewa suna komawa ɗaya. Wajen 1989 kuma ga wata irin kainuwa 'yar asalin Amurka ta Kudu ta shigo, a 1997 har ta toshe tashar jiragen ruwa ta Kisumu.

RIBA DA HASARA

Wanda ya ce giwan ruwa bai kawo arziki ba bai faɗi gaskiya ba. Kifin da a ke kamawa a tabkin a shekara ya tashi daga wajen tan 100,000 a ƙarshen shekarun 1970 zuwa wajen tan 500,000 a 1990. Aka gina masana'antu fiye da 30 a Kisumu da Mwanza da Jinja da Entebbe da sauran garuruwa, ana fiɗe kifin, a sa tsokar cikin ƙanƙara, jirgin sama ya kai ta Turai. Jakar iskar da ke cikinsa ma ana busar da ita a kai ƙasar Sin da tsada. Masunta suka ƙaru har suka kai wajen 200,000. A Kenya ana kiran kifin mbuta, a Tanzaniya sangara, waɗansu har suka yi masa laƙabi da mkombozi, watau mai ceto.

Amma ribar ba ta faɗa hannun kowa ba. Kamun giwan ruwa sai mai babban jirgi da raga mai ƙarfi, talaka ya koma ɗan ƙodagon mai jirgi. Furu da a kan baza a rana ya bushe, shi kuwa wannan kitse gare shi, sai an yi bandarsa, aka sare itatuwan tsibirai don wuta. Matan da ke sayen kifi a gaɓa ba su iya tayawa tare da motar masana'anta, suka koma sayen ƙashin baya da kai da aka yar, abin da a Kenya a ke kira mgongo wazi, su soya su sayar wa talakawa. Da ƙasashen Turai suka hana shigar kifin tabkin a 1999, sabo da labarin ana su da guba, sai masana'antu suka rufe, dubban mutane suka zauna ba aiki har aka janye hanin.

Daga bisani shi kansa baƙon aka fi ƙarfinsa da kamu, manyan suka yi wuya. Ƙasashen uku suka kafa hukuma guda ta kula da sun tabkin a 1994, mazauninta Jinja, aka kuma yi dokar hana kama ƙanana. Kun ga yadda duniya ke juyawa, kifin da aka yi gardamar kada a kawo shi, shi ne aka koma ana tsaro da doka. Da ya ragu, waɗansu furu suka fara komowa tun cikin shekarun 1990. Masu binciken Leiden sun duba wani iri daga cikinsu, suka ga jan naman nan na gefen kai da kifi ke numfashi da shi ya ƙara faɗi, abincinsa kuma ya sake, watau ya koyi zama cikin sabon tabki. Amma iri kaɗan ne suka komo. Sauran ba a sake ganinsu ba.

ABIN LURA

Sakin kifi 35 cikin ruwa aikin safiya ɗaya ne ga mutum biyu ko uku. Fid da zuriyarsu kuwa, Gwamnati uku da duk ƙarfinsu ba su iyawa. Waɗanda suka zuba giwan ruwa da karfasar Nilu ba mugunta suka nufa ba, so su ke abinci ya yawaita. Kuskurensu shi ne sun raina ƙananan kifin da ba su san aikinsu ba, suka kuma ƙi jiran masu bincike su gama.

Mu ma muna da Kwara da Binuwai da Cadi, ga madatsun ruwa irin su Kainji da Tiga, ga masu kiwon kifi a kududdufi. Duk wanda aka kawo masa wani kifi da ba a san shi a ruwan ƙasarsu ba, aka ce yana da saurin girma, to, ya tambayi ma'aikatan kifi tukuna. Ya tuna ambaliya ɗaya ta isa ta fasa kududdufi ta kai abin da ke ciki kogi, kogi kuwa na jama'a ne, har da waɗanda ba a haifa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.